Taimama a Kan Leda

Karatuna na boko bai wuce aji biyu ba, kuma a na biyun ma na daɗe har malamin ya fara gaishe ni kamar abokin aikinsa. Faransancin da nake da shi na tsintuwa ne, wanda ake samu a ƙasa tsakanin kasuwar Mokolo da unguwarmu ta Briqueterie. Ya ishe ni in tsayar da taksi, in yi ciniki, in ba ɗan sanda haƙuri. Shi ya sa ranar da 'yata ta ce mini ta shiga "kur an liny", sai na ajiye buroshin wankin hula na dube ta da kyau. Ni a kunnena "kor" na ji, wato gawa. Gawa a layi.

Na ce, "Uwata, wace irin sana'a ce kuma wannan? Gawawwakin su wa za ku jera?"

Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka bakina bai taɓa iya kiran ta da sunanta ba. Ta yi dariya har ta dafa ƙofa.

"Baba, kur na ce, darasi. Karatu ne ta waya. Kai komai sai ka kai shi maƙabarta."

Ba laifina ba ne. Sana'a biyu gare ni. Ta cin abinci ita ce wankin hula: sabulu, buroshi, sitati, sannan in kifa su a kan kawunan ice su bushe a rana. Ɗayar kuwa ba a biyan kowa a kanta. In namiji ya rasu a layinmu da layukan da ke kewaye, ni ake aikowa a kira in yi masa wanka. Tun ina da baƙin gemu nake yi. Mutumin da hannunsa ya saba da wannan, kunnensa ma can yake karkata.

Shekarar korona ce. An rufe jami'a, ita kuma yarinyar ba ta iya zama haka nan. Da safe tana sayar da magani a wata farmasi a Elig-Edzoa, da la'asar ta zo ta zauna a bakin shagona, don a duk gidanmu nan ne kaɗai rezo, wato netwok ɗin waya, yake kamawa ba tare da an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa ba. Karatun, in ji ta, a kan lafiyar duniya ne baki ɗaya. Na ce to likita za ki zama ke nan. Ta ce a'a. Na ce to mece ce? Ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna.

Da haka na zama ɗalibin da bai biya ko sisi ba. Ina goge hula, kunnena yana wajen wayar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne malaman ba iri ɗaya ba ne. Yau likita ne yake bayanin yadda cuta take tsallaka daga numfashin wani zuwa na wani. Jibi wani dattijo mai yawan gyaran murya, masanin tarihi, yana ba da labarin annobar da ta bi jiragen ruwa tun kakanninmu ba su zo kudu ba. Akwai mai maganar famfo da kwata, akwai mai maganar farashin shinkafa. Na ce da ita, "Wannan makarantar taku ba ta da alƙibla. Ina ruwan shinkafa da zazzaɓi?" Ta ce, "Baba, wanda ya kwana bai ci ba shi zazzaɓi yake fara sallama wa." Na san mutanen da take nufi, wasu ma layinmu ɗaya.

Sauran ɗaliban suna fitowa a fuskar wayar cikin 'yan ƙananan tagogi, kowa da kansa kawai, babu jiki. Wannan daga Gini, wancan daga Kongo, wata daga wani tsibiri da ban iya faɗin sunansa ba. In rezo ya yi rauni sai fuskar mutum ta daskare, baki a buɗe, ido a tsaye. Na san wannan fuskar. Na sha rufe irinta da tafin hannuna. Na kan kau da kai har sai ta sake motsi.

Ba ni kaɗai nake satar karatun ba. Akwai abokina, wani Bafillatanin Garwa mai gyaran agogo a Mokolo, wanda yake zaune a Nkomkana. Tun muna samari muke tare, kuma duk la'asar sai ya zo ya zauna a bencin shagona don ya zage ni ya ji daɗi. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Sarkin Shanu, don bai taɓa mallakar ko akuya ba. Lokacin da gwamnati ta ce kowa ya rufe hanci da baki, telolin unguwarmu suka shiga ɗinka abin rufewar da ragowar atamfa. Da Faransanci ana ce masa "kashe-ne". Abokina ya riƙe nasa da yatsu biyu ya ce, "Kaɗo, ka ji sunan? Su da kansu sun faɗa. Kashe ne. Kuma ka ce in ɗaura a fuskata?" Ya ɗaura dai, amma a ƙarƙashin haɓa, kamar mai ciwon haƙori.

Akwai alkawari tsakanina da shi, wanda muka ɗauka tun wata rana da muka dawo daga binne wani abokinmu. Duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka. Shi bai iya ba, sai da na koya masa, ina kwance a tabarma yana gwadawa a kaina, yana cewa gawar nan ta cika surutu. Daga baya ya mai da alkawarin abin tsokana. Ya kan ce, "Kaɗo, in ka zo wanke ni ka bar buroshinka a shago. Kuma kada ka kuskura ka sa mini sitati, kada in isa gaban mala'iku a sandare." Ni kuma in ce ai shi ruwan buta ɗaya ya ishe shi, tun da babu nama a jikinsa. Muna dariya, amma duk mun san ba wasa ba ne. 'Ya'yansa maza suna arewa, ni kuma nawa duk mata ne.

Wata la'asar malamar da ta fito mace ce, masaniyar al'adun mutane, kuma darasin a kan binne mamata ne a lokacin annoba. Nan na ajiye aiki gaba ɗaya, na ce wa 'yata ta riƙa fassara mini duk abin da ya fi ƙarfin kunnena. Bayan malamar ta gama, sai ɗalibar nan ta Gini ta nemi magana. Nas ce, ta yi aiki lokacin ebola. Ta ce a garinsu mutane sun riƙa ɓoye gawawwakinsu a ɗaka, suna yi musu wanka a asirce, masu wankan kuma suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Da aka hana, sai aka fara jifan motar asibiti. Ba a samu sauƙi ba sai da likitoci da limamai suka zauna tabarma ɗaya, aka yarda a riƙa yi wa mamaci taimama: wani nasa ya sa safar hannu, ya bugi ƙasa mai tsarki, ya shafa a inda fuska take da inda hannaye suke, ko da ta saman ledar da aka sa shi ne. Sannan a lulluɓa likkafani, a yi masa salla.

Na ce, "Tir! A kan leda? Mutum ne ko kifin firiji?"

Abokina ya ce, "Bar su, Kaɗo. Wannan na mutanen nesa ne. Tambaye ta dai ko ana sa sitati."

'Yata ta harare mu, ta ce mu yi shiru makirufonta a buɗe yake. Ashe duk tagogin nan sun ji mu. Wani baƙin mutum mai tabarau a Kongo yana ta dariya bai san me aka ce ba.

Ba a daɗe ba benci ya zama nawa ni kaɗai. Rana ta farko na ce ruwan sama ne ya hana abokina zuwa. Ta biyu na kira wayarsa, matarsa ta ɗauka, ta ce tari ne da zazzaɓi, kuma ya ce shayi ba ya masa ɗanɗanon komai. Da na faɗa wa 'yata, sai na ga fuskarta ta canza. Ita ce ta matsa aka kai shi asibiti, ita ce kuma ta tsaya a ƙofa ta hana ni zuwa duba shi. Ta ce ina da hawan jini, ina da suga, ina da taurin kai, kuma cikin ukun nan na ƙarshen ne zai kashe ni.

Sau ɗaya muka yi magana ta waya. Numfashinsa kamar ana jan buhu a kan siminti. Ya ce, "Kaɗo, ka tanadi sabulu." Na ce masa ya daina shirme, akwai agogon mutane a hannunsa da bai gyara ba. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace.

Wata rana da hantsi aka kira, aka ce ya cika. Na yi salati, na zauna, na tashi, sannan na shiga ɗaki na ɗauko jakar da nake zuwa wanka da ita. Na fito na tarar da 'yata a tsakar gida, ko mayafi ba ta gama yafawa ba.

"Baba, ina za ka da jakar nan?"

"Inda kika sani."

"Ba za su ba ka shi ba. An riga an sa shi a leda. Su ne za su kai shi maƙabarta."

Na san da haka. Duk unguwa an san yadda ake yi a watannin nan: mutane masu fararen kaya kamar 'yan sama jannati, mota, rami, a gama kafin dangi su gama kuka. Amma ni na riga na shirya dabarata tun a ɗaki. Na san wani direban taksi da ba ya tambaya. Na ce za mu shiga ta ƙofar baya, mu zare shi, mu sa masa babbar riga da hula, mu zaunar da shi a kujerar baya tsakaninmu, mu ɗaura masa kashe-ne. Wa zai gane? Ai dama ko da ransa ba ya gaida 'yan sanda.

Na zaci za ta yi dariya. Sai ta karɓe jakar daga hannuna, a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro.

"Baba, in ka wanke shi, wa zai wanke ka mako mai zuwa? Ni ba a yarda in yi maka ba. Ko ka manta?"

"Na yi masa alkawari, Uwata."

"Na sani. Ina nan kuke yi kullum."

Ta zauna a dakalin shago, ta kira matar nan ta Gini. Na ga fuskar ta fito, babba wannan karon, ba cikin ƙaramar taga ba, da kayan aiki a jikinta. Suka yi ta magana da Faransanci mai gudu. Abin da na tsinta shi ne matar tana koya mata yadda za ta yi wa likita magana: kada ta fara da addini, kada ta fara da kuka, ta fara da nuna masa ta san haɗarin, ta faɗi abin da za a sa da abin da ba za a buɗe ba. Kafin ta kashe, matar ta ce a juyo mata da wayar wajena. Ta ɗora hannu a ƙirji ta yi mini ta'aziyya da Larabcin da muka haɗu a kansa. Ban san abin da ya sa wannan ne ya fara fito mini da hawaye ba.

Muka biya wajen limamin masallacinmu. Ya ce in ruwa ya gagara, taimama ta halatta, kuma a irin wannan hali ko ta bayan shamaki ce Allah ya ga niyya. Ya ce zai biyo mu don salla. Na ɗebi jar ƙasa mai tsabta daga bayan masallacin, na zuba a faranti.

Likitan da muka samu matashi ne, idanunsa sun yi ja, kashe-ne ya yi masa shaida a karan hanci. 'Yata ta yi magana, ni na tsaya a baya da farantin ƙasa kamar mai tallar yaji. Ya saurara, ya dube ni, ya tambayi shekaruna, ya girgiza kai. Ta sake magana. Daga ƙarshe ya ce ba za a zuge ledar ba ko da faɗin yatsa, kuma in na taɓa fuskata kafin a fesa mini magani shi da kansa zai kwantar da ni a gadon da abokina ya bari. Na ce "wi, dokta" da duk ladabin da ban taɓa yi wa malamin aji biyu ba.

Suka sa mini farar rigar roba, da takalma, da tabarau, da safar hannu a kan safar hannu. Na ce a raina da Sarkin Shanu zai gan ni haka, da dariya ta tashe shi.

Ɗakin yana da sanyi da warin maganin wanke ƙasa. Ba shi kaɗai ba ne a ciki. Wani ma'aikaci ya duba takardar da ke maƙale, ya nuna mini nawa. Farar leda ce mai kauri, ba a ganin komai. Na tsaya ta wajen kai. A duk wankan da na taɓa yi, fuska nake fara dubawa, in yi wa mutum sallama a zuciyata, in gaya masa ni ne, kada ya ji kunya. Nan babu inda zan duba. Na ɗora hannu ina lalube, har na ji tudun goshi, na ji hanci, dogo, siriri. Na ce, "Ni ne, Kaɗo ne." Tabarau ya yi hazo, ba ni da ikon gogewa.

Na yi niyya, na bugi ƙasa, na shafa a kan fuskar. Na sake buga, na nemo hannun dama ta cikin leda, na shafa daga yatsu zuwa gwiwar hannu, sannan na hagu. Ledar tana ƙara a ƙarƙashin tafina kamar ana buɗe burodi. Jar ƙasar ta bar shatin yatsuna a kan farin. Shi ke nan. Abin da na saba yi da ruwa mai ɗumi da magarya da turare, a natse, ya ƙare kafin in gama gane na fara.

Aka lulluɓa likkafani a sama. Muka yi masa salla a filin bayan asibiti, mu kaɗan, kowa nesa da kowa. Aka kai shi maƙabarta, masu fararen kaya suka saukar da shi, amma sun bar ni na nuna musu yadda za a juya shi ya fuskanci alƙibla.

Liman ya ce na cika alkawari. Matarsa ta aiko a yi mini godiya. 'Yata ta tsare ni a ɗaki kwana da kwanaki tana auna mini zafin jiki, ban ko yi atishawa ba. Na yarda da maganar liman, don ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Na koma kan hulunana. In na ga agogon wani ya tsaya sai in kau da ido, amma ban da wannan ina ci, ina barci, har tsokanar masu wucewa na koma yi.

Karatun yarinyar bai tsaya ba. Wata la'asar, ana yayyafi, tana bakin shago, malamin famfo da kwata ya dawo. Wannan karon a kan shara yake magana, yadda leda take toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, kwalara ta biyo baya. Ya nuna hoton wata kwata da na rantse ta bayan Mokolo ce, 'yata ta ce a'a, wata ƙasa ce can gabas. Ina jin daɗin darasin, don wannan kam na gane shi. Sai ya faɗi wata magana da na tsinci rabinta. Na ce ta fassara mini.

Ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Cewa ya yi leda ba ta ruɓewa. In aka binne ta, ƙasa ba ta cin ta, ruwa ba ya ratsa ta."

"Har yaushe?"

"Har jikokin jikokinmu su zo su wu..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗago ta dube ni, ta kashe sautin wayar. Malamin ya ci gaba da motsa baki, yana nuna wani abu da sanda.

"Baba, ba irin wannan yake nufi ba."

"Wace iri yake nufi?"

Ta kau da kai. Yarinya ce da ba ta iya ƙarya ba, uwarta ta biyo.

Ni duk abin da na sani game da mutuwa shi ne mutum yana komawa ƙasa. Likkafani yadi ne, yana ruɓewa. Shi ya sa muke kwance ƙullin da ke wajen kai in mun sa mutum a kabari, mu jingina kuncinsa da ƙasa. Na kwantar da mutane da yawa da hannuna, kuma ban taɓa tunaninsu a matsayin waɗanda suke a tsare ba. Amma abokina yana can cikin leda, an ja masa zik. Ban ba shi ruwa ba, ita ma ƙasa ba za ta kai gare shi ba.

Na koma wajen liman da wannan. Ya ce rai ba ya cikin leda, kuma wanda ya halicci mutum daga babu, zik ba zai gagare shi ba. Gaskiya ya faɗa. Na maimaita wa kaina a hanya har gida. Da na zauna, na ɗauki buroshi, sai na ji daga gefen benci, da tsakar rana, ana hayaniyar masu babur, kamar an ce, "Kaɗo, ban jiƙe ba fa." Ba da fushi ba. Da muryar nan tasa ta neman magana.

Yarinyar ta gama karatunta, aka aiko mata da takardar shaida ta waya, yanzu tana aiki da masu yawo unguwa-unguwa suna zama da limamai da fastoci kafin wata annobar ta zo. Ta ce a wasu wuraren an fara neman abin sa mamaci wanda ƙasa za ta iya ci. Na ce Allah ya sa, amma nawa ya riga ya tafi a tsohon yayi.

Ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, na kan cika buta in tafi maƙabarta. Ana yayyafa wa sabon kabari ruwa, wannan kowa ya sani, amma nasa ya daɗe da daina zama sabo. Kuma garin nan ba ya rasa ruwan sama. Wani lokaci ina tsaye da laima a hannu ɗaya, buta a ɗayan. Mai gadin wurin ya daina tambaya ta. Na kan fara zubawa ta wajen kai, sannan dama, sannan hagu, a hankali, yadda ya kamata a ce na yi. Jar ƙasar tana shanyewa nan da nan. Na kan tsaya ina bin ruwan da tunani, yana sauka, yana sauka, har inda na san zai tsaya.